Yadda aka dasa mini haƙora a kan ƙashin ƙafata

Fatiha ce ta fara gaya mini cewa bakina ya canza. Kwana goma sha biyu da yin tiyata, an riga an zare bututun da aka huda mini a maƙogwaro, ina kishingiɗe a gadon wani asibiti a birnin Mumbai na Indiya, sai na ce bari in gwada karatu a bayyane. Da na zo kan “Ihdinas siraɗal mustaƙim”, iska ce kawai ta fito. Babu sadun, babu sinun, sai huci kamar taya tana sacewa. Ƙanena da ke jinyata ya sunkuyar da kai, ya hau gyara bargon da ba abin da ya same shi. Ni kuwa na juya fuskata bango.

Sana'ata sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, a Kano. Shekara tara kuma ina na'ibin liman a masallacin layinmu. Duk ranar da Malam ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa, ni nake jan salla. Kafin nan na yi shekara ashirin da biyu ina shan sigari, tun ina sakandare, sai a 2012 Allah ya yaye mini. Na ɗauka mun rabu ke nan. Likitoci daga baya suka ce ita ce babbar abin zargi.

A watan Oktoban 2021 wani ɗan miki ya fito mini a dasashin ƙasa, ɓangaren dama, gefen turmin haƙori. Ba ya wani zafi, shi ya sa na raina shi. Ruwan gishiri, kanumfari, maganin kemis, ba wanda ban gwada ba. A Disamba haƙorin wurin ya fara girgiɗi, na je wani ƙaramin asibiti aka cire shi, ko hoto ba a ɗauka ba. Gurbin ya ƙi rufewa. Sai wari, sai leɓena na ƙasa ya fara mutuwa, in taɓa shi in ji kamar na wani ne. Uwargidana ce ta tsaya kai da fata sai na je asibitin koyarwa. Likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ya leƙa sau ɗaya, ya lallatsa wuyana, ya ce, “Alhaji, tun yaushe?” Na ce wata huɗu. Ya ajiye fitilarsa ya ce duk mikin bakin da ya wuce mako uku bai warke ba, ya fi ƙarfin kemis. Suka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito: ciwon daji ne, irin wanda ke tasowa daga fatar cikin baki, kuma ya riga ya ci ƙashi.

Wannan bawan Allah bai ɓoye mini komai ba. Ya ce dole a cire wani yanki na muƙamuƙi, kuma da wuya in tsira daga gashin na'ura, wato hasken da ake ƙona ciwon daji da shi, bayan tiyata. Ƙashin da aka ɗauko daga ƙugu aka dasa haka nan, ba tare da jijiyar jininsa ba, ba ya jure gashi sosai, don haka in ina da hali in nemi inda ake ɗauko ƙashi da jijiyoyinsa. Har na miƙe zan fita ya kira ni. “Duk inda ka je, kafin a sa maka wuƙa, ka tambaye su ina maganar haƙora. Ka ce likitan haƙori ya zauna a cikin shirin tun daga farko.” A lokacin maganar ta yi mini banbaraƙwai. Ana ta rai, shi yana ta haƙori. Yau babu sallar da zan yi ban sa shi a addu'a ba.

Na sayar da filina, 'yan'uwa da abokan kasuwa suka yi karo-karo, na canji dala a Wapa, lokacin ba ta kai naira 600 ba. A farkon Maris na 2022 muka tashi daga Kano, muka yada zango a Addis Ababa, sai Mumbai. Ba don komai aka nuna mini Indiya ba sai don yawan da ciwon ya yi a can. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mutum kusan 390,000 ne suka kamu da dajin leɓe da baki a 2022, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku a Indiya suke, saboda taba da suke taunawa haɗe da wani ɗan itace mai kama da goro. A ɗakin jira na ga mutane birjik, kowa da tabonsa a wuya. Hannun likitocinsu ya faɗa da aikin.

Na cika alkawari na yi tambayar. Sai ga shi an kira wata likitar haƙori, ta zauna da masu tiyata a gaban kwamfuta. Ita ta ce a saita sabon ƙashin daidai ƙarƙashin haƙorana na sama, don ranar da za a zo dashe. Ita ce kuma ta cire mini haƙora biyu na sama da suka fara lalacewa, ta ce cire haƙori bayan gashi haɗari ne babba, gara a yi shi tun yanzu.

Ranar 15 ga Maris aka shiga da ni, aka yi awa goma sha ɗaya. Ayari biyu na likitoci suka yi aikin lokaci guda, wasu a kai, wasu a ƙafa. Na kai suka yanke muƙamuƙin ƙasa tun daga kusurwar dama har fiƙar hagu, da dasashi da haƙora tara, suka kwashe kaluluwar wuya. Na ƙafa kuwa suka ciro siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri ta waje, a ƙafata ta hagu. Ba shi ne ke ɗauke da nauyin jiki ba, shi ya sa ake iya cire tsakiyarsa, a bar kamar santimita shida zuwa takwas sama da ƙasa saboda gwiwa da idon sawu. Ana ciro shi ne da jijiyoyin jininsa da wani yanki na fata. Nawa gida uku aka yanka shi, aka jera shi ya ba da siffar haɓa, aka ɗaure da siririn ƙarfe, sannan aka ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin likita, da zaren da bai kai silin gashi kauri ba. Fatar ƙafar ita ta zama sabon dasashina. Wani likita a Ostireliya, Ian Taylor, shi ya fara ɗaukar wannan ƙashi da jijiyarsa a 1975, sai David Hidalgo na Amurka ya yi amfani da shi wajen gina muƙamuƙi a 1989. Kwana uku na farko, duk bayan awa ɗaya nas za ta zo ta ɗora wata 'yar na'ura a ƙarƙashin haɓata, mu saurari jini yana wucewa, fuu, fuu, fuu. Idan sautin ya ɗauke, to jijiya ta toshe, sai a koma ɗakin tiyata a guje. Ko barci nake, in na ji takun nas sai na buɗe ido don in ji shi da kunnena.

Mako shida bayan tiyata aka fara gashi, zama talatin, Litinin zuwa Juma'a, jimillar awo 60 a ma'aunin da suke kira Gray. Azumin shekarar ko ɗaya ban yi ba, ƙaramar Salla ma a wannan hali ta same ni. Daga mako na uku baki ya saɓule, ɗanɗano ya tafi, yawu ya koma kamar yauƙin kuɓewa, daga baya ya ƙafe. Ba zan tsawaita a nan ba. A ƙarshen Yuni na dawo Kano ina ɗingishi kaɗan, nauyina ya sauko daga kilo 78 zuwa 61, likitoci kuma sun ce ba su ga sauran ciwon ba.

Jama'a suka yi ta tururuwar barka da arziki. Kowa ya gan ni sai ya ce ai fuskar ma ba ta canza ba. Gaskiya ne, in bakina a rufe yake. Amma jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji ta cikin muƙamuƙi take bi, kuma ta tafi tare da ƙashin da aka yanke. Leɓen ya rasa abin jingina, ya faɗa ciki. Haƙora huɗu kacal suka rage mini a ƙasa, can gefen hagu. Tuwo ma da ake ganin ba ya bukatar tauna, ashe yana bukatar yawu, yana bukatar leɓen da zai tare shi. Abincina ya koma koko, kunun gyaɗa, faten dankali, alale, da fura a dama ta ruwa-ruwa.

A Kwari mu shida muke cin abinci a tire ɗaya, shekara da shekaru. Ranar da na fara komawa kasuwa na zauna da su kamar yadda aka saba. Miya ta gangaro ta haɓata har kan rigata, ban sani ba, don wurin ba ya ji. Ba wanda ya ce uffan. Wani yaron shago ya miƙo mini hankici, idonsa a ƙasa. Daga ranar na koma cin abinci a bayan dilolin kaya, ni kaɗai. A gida na ce a riƙa kai mini ɗaki. Ɗaurin aure da suna kuwa, ana shafa fatiha zan sulale kafin a fito da abinci. Takunkumin korona da kowa ya jefar, ni na ci gaba da sa shi. A waya in na ce sittin sai mai saye ya ce, “Nawa ka ce, Alhaji?” har na koma miƙa wa yaro wayar ya faɗi kuɗin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne masallaci. Duk wanda ya yi tajwidi ya san sinun da sadun da zayun daga kan harshe suke fita, dab da haƙoran gaba na ƙasa. Fa'un kuwa cikin leɓen ƙasa ne da haƙoran sama, ba'un da mimun leɓɓa biyu ne. Ni haƙoran babu, leɓen kuma ya faɗa. Ranar da Malam ya yi tafiya Zariya, aka tayar da iƙama, sahu ya juyo yana dubana. Na kama hannun wani ɗalibinsa na tura shi gaba. Daga nan na koma sahu na biyu, don kada a sake dubana.

Na gwada haƙoran roba irin na cirewa, a wajen wani mai yin su. Ba su da abin kamawa, don sabon dasashin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tudu, fatar kuma motsi take. Kwana biyu suka ji mini ciwo. Likitana na Kano ya yi mini faɗa sosai, ya ce naman da ya sha gashi ba ya warkewa da wuri, ƙaramin rauni na iya nutsawa har ƙashi. Na jefa su a aljihun tebur.

Da na fara maganar komawa Indiya don dashe, gida ya rabu biyu. Kawu ya kira ni ya ce, “Allah ya raya ka daga wannan ciwo, sai kuma ka koma neman kwalliya? Kuɗin nan ka bar wa yara mana.” Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ne ma ya fi kowa ba da gudummawa a tafiyar farko. Hajiyarmu tana gefe tana jan carbi, ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Yaya, ku ƙyale shi. Yaron da ya daina cin abinci da 'yan'uwansa ai bai gama warkewa ba.” Maganar ta tsaya a nan.

Sai shakkar da ke raina ni kaina: kada ya zama canza halitta. Na je wajen Malam bayan Isha'i. Ya tuna mini da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce maido da abin da aka rasa magani ne. Sannan shi ma ya jefo tasa tambayar: “To Alhaji, yaya ƙarfe zai zauna a cikin ƙashi bai yi tsatsa ba? Ko irin haƙorin Makka ne?” Na ce a'a, shi haƙorin Makka hula ce ake sa wa haƙorin da ke nan. Wannan kuwa turke ake kafawa a cikin ƙashi, a ɗaura haƙori a kansa. Na ba shi labarin da na karanta a dararen da barci ya ƙaurace mini. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana binciken yadda jini ke gudana a ƙashin zomo a 1952, ya sa wani ɗan bututu na ƙarfen titaniyam a ciki. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen, ya ƙi rabuwa. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya yi shekara arba'in da turakun a bakinsa har ya rasu. Malam ya jinjina kai ya ce, “Allahu Akbar. Je ka yi.”

Amma ba a yi da gaggawa. Likitar haƙorin nan ta Mumbai ta ce sai an kusa shekara da gama gashi, don nama ya huce, a kuma tabbatar ciwon bai dawo ba. Ta ba ni aikin yi kafin nan. Gashi yana sa naman muƙamuƙi ya ɗaure, baki ya ƙi buɗuwa, kuma in bai buɗu ba babu ta inda na'urar huda za ta shiga. Lafiyayyen baki yana buɗuwa milimita 35 zuwa sama, nawa 18 ne. Sai na sayi ƙullin 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, in jera su a tsakanin haƙorana na hagu, in tura ɗaya a tsakiya, in riƙe har hawaye ya zubo. Sau biyar a rana, bayan kowace salla. Na fara da goma sha ɗaya. 'Yar autata ita ke ƙirgawa tana rubutawa a bayan kalanda. Watanni goma muka kai ashirin.

A watan Mayun 2023, bayan ƙaramar Salla, na koma. Aka ɗauki hoton ƙashin ta kowace fuska, likitar ta ɗora shi a kan taswirar gashin da aka yi mini, don ta ga inda zafin ya fi sauka ta kauce masa. Ta nuna mini matsalar farko: muƙamuƙin mutum mai haƙora yana kai wajen santimita uku a tsaye, ƙashin ƙafata kuwa milimita 13 ne. Saboda haka haƙoran za su yi tsawo, kuma nauyin tauna zai yi wa turakun yawa in ba a haɗa su da sanda ɗaya ba. Amfaninsa ɗaya, ɓawonsa kauri gare shi, yana riƙe turke gam. Matsala ta biyu ta fi tsoratarwa. Gashi yana rage 'yan ƙananan jijiyoyin jini a cikin ƙashi, kuma huda irin wannan ƙashi na iya jawo masa mutuwa, ya ruɓe, a rasa aikin awa goma sha ɗaya gaba ɗaya. Ta ce ba kasafai ake samu ba, amma dole in sani kafin in sa hannu. Na tambaye ta batun ɗakin iskar oksijin mai matsi da na ji wasu na shiga kafin dashe. Ta ce wani bincike da aka yi a Ingila, aka fitar a 2019, bai nuna wani amfani a fili ba, don haka ba za ta sa ni kashe kuɗin ba. Na yi istihara kwana uku, na sa hannu.

An yi mini allurar barci, don sai da aka cire wasu kusoshin ƙarfen farko da suka tare hanya. Turaku biyar aka kafa, kowanne kaurinsa kamar milimita huɗu, tsawonsa goma zuwa goma sha ɗaya, ta cikin wani ma'auni na roba da aka buga da kwamfuta don kada hannu ya kauce. Aka rufe su da nama aka ɗinke. Idan ka leƙa bakina a lokacin ba za ka ga komai ba. A lafiyayyen ƙashi wata uku ake jira. Ni aka ce shida.

Shidan nan ta zama takwas. Ina dawowa aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira, kasuwa ta tsaya cak. Dalar da na saya ƙasa da 600, kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Motata na sayar. A tsakiyar Janairu na sake hawa jirgi, wannan karon ni kaɗai, don kuɗin mutum biyu ya gagara.

Ranar da aka buɗe turakun idona biyu, allurar kashe zafi kawai aka yi. Tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka tsaya ƙyam. Na biyar, na can ƙarshen dama inda gashi ya fi zafi, tana murɗawa ya juya, na ji shi har cikin kunnena. Ta zare shi da ɗan hantsaki ta nuna mini, fes da shi, ƙashi bai kama shi ba ko kaɗan. Gabana ya faɗi. Ta ce tun farko ta sa biyar ne saboda irin wannan, huɗu sun isa.

Sai aikin da ban taɓa zaton zai fi sauran zafi ba. Fatar ƙafa ba dasashi ba ce: tana da kauri, tana motsi, ba ta kama wuyan turke. Sai da aka rage mata kitse, aka zurfafa kwarin da ke tsakanin leɓe da ƙashi, sannan aka yanko siririn nama daga ganɗata aka dasa kewaye da turakun. Ganɗar ta yi mako biyu kamar na kurɓi tafasasshen shayi. Bayan ta lafa aka ɗauki awo, aka gwada na kakin zuma sau biyu, ana duba tsawo da launi da yadda leɓe ke zama a kai.

A ƙarshen Fabrairu aka ɗaura na gaskiya. Haƙora tara a kan sandar titaniyam, da dasashi na roba mai launin nama a ƙasansu don cike tsawon da ƙashi bai kai ba. Ta ɗaure sukurori huɗu da wata 'yar sifana mai awo, ta toshe ramukan, ta miƙo mini madubi. Ban fara duba haƙoran ba, leɓena na duba. Ya dawo waje, ya zauna inda yake shekara biyu da suka wuce. Na ce “Bismillah”, sinun ta fito da fito kamar na usur. Ta saurara, ta ɗan goge bayan haƙoran gaba, ta ce in sake. Sau huɗu muna haka. A na biyar na ji harafin da na sani. Na kira Hajiya ta bidiyo, ban iya cewa komai ba, sai buɗe mata baki na yi kamar ƙaramin yaro, ita kuma tana ta hamdala.

Kada wanda ke shirin wannan aiki ya ɗauka daga nan shi ke nan. Haƙorin Allah yana da wani siririn nama tsakaninsa da ƙashi, shi ke gaya maka ƙarfin cizonka, shi ke sa ka ji tsakuwa a shinkafa. Turke ba shi da wannan. Watan farko na ciji harshe da kumatu ba adadi, sai da na koyi tauna a hankali ina kallon madubi. Harshen ma ya saba da fili, sai da mai koyar da furuci ta ba ni darasi, ni kuma na haɗa da nawa: Suratun Nasi, safe da yamma, saboda yawan sinun da ke cikinta.

Kafin in taho na roƙi abu biyu, kuma ina ba duk mai zuwa waje shawarar ya roƙa: katin da ke ɗauke da sunan kamfanin turakun da girman kowanne, da kuma ɗan sukundireban da ke kwance su, don kowane kamfani da irin nasa. A watan Mayu suka yi mini rana. Ina wanke baki da dare sai na ga wani jan nama ya tsiro a gindin turke na biyu, yana jini. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a bakin baho. Uwargida ta same ni a haka, ta ce, “Alhaji, lafiya?” Na nuna mata. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma na ji ta a sallar dare. Da safe likitana na Kano ya karɓi sukundireban, ya kwance haƙoran gaba ɗaya cikin minti goma, ya duba ƙarƙashinsu, ya yanki naman ya aika gwaji. Dalilin da ya sa ake ɗaure wa irinmu da sukuru ke nan maimakon a manne, don a riƙa ganin abin da ke ƙasa. Kwana goma muna jira. Sakamako ya ce ba daji ba ne, tsiron nama ne da fatar ƙafa kan yi idan datti ya taru a wuyan turke.

Tun daga ranar ban sake wasa da wanki ba. Kowane dare minti goma sha biyar: buroshi mai laushi, ɗan siririn buroshi mai shiga ƙarƙashin sanda, na'urar fesa ruwa mai caji, sai man goge baki mai yawan fuloraid saboda sauran haƙorana, don busasshen baki yana saurin cinye haƙori. Aswaki a na sama kawai nake yi. Gorar ruwa ba ta barin aljihuna. Rake da goro da ƙashin kaza na yi musu sallama, kilishi sai an jiƙa. Leɓe da haɓa har yau ba sa ji, kuma an gaya mini ba za su ji ba. Duk wata uku ina zuwa a duba ni, kuma haka za a yi ta bibiya har a cika shekara biyar.

Da aikin Hajjin 2024 ya matso, Malam ya samu kujera. Ana saura kwana biyu ya tashi ya tsayar da ni bayan Magariba, ya ce, “Alhaji, zauna ka karanta mini Fatiha.” Na karanta. Ya ce in maimaita “siraɗal mustaƙim”. Na maimaita sau uku, idonsa a rufe. Ya buɗe ya ce, “Sadun ɗin tana so ka ƙara cika baki, amma ta inganta. Asuba taka ce.” Ranar da na shiga gaba gwiwoyina rawa suke, na karanta gajerun surori, na sallame. Dattijon da ke bayana ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Babbar Salla ta kama ranar Lahadi, 16 ga Yuni. Washegari aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Hajiya kamar kowace shekara, aka fito da tiren soyayyen nama da hanta. Salla biyu ina ba da uzuri, wannan karon na zauna. Kawu da kansa ya jawo wuƙa ya yayyanka mini hanta ƙanana-ƙanana, ya tura gabana bai ce komai ba. Na ɗauki ɗaya na kai gefen dama, inda rabona da tauna tun Oktoban 2021, na tauna a hankali, na kora da ruwa. Muna cikin ci ƙanena, wanda ya yi jinyata a Mumbai, ya dube ni ya ɗan taɓa haɓarsa da yatsa. Na gane, na sa hankici na goge man da ya gangaro, na sake miƙa hannu cikin tiren.